Sharhi: Kazar da Ke Ɗingishi, a Juya Tafin Ƙafarta

 Sharhinmu na yau na masu kiwon kaji ne a gida, musamman iyayenmu mata na Kajuru da Kasuwan Magani da Kufana da Idon, har zuwa Kachia da Zonkwa da Kafanchan, waɗanda akurkin bayan ɗaki shi ne asusunsu. Daga nan ake cire kuɗin makarantar yara, daga nan ake fita kunyar baƙo.

In ana zancen ciwon kaji a yankin nan, hankalin kowa kan tafi ne ga annobar Niyukasil da ke zuwa da hunturu, wadda kan share garke cikin 'yan kwanaki. Wasu kuma su tuna da murar tsuntsaye, wadda a watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ɓullarta a nahiyar Afirka a wata babbar gona da ke Jaji, nan cikin jiharmu ta Kaduna. Waɗannan sun yi suna. Amma akwai wani ciwo da ba ya kisa farat ɗaya, ba ya tada hankalin unguwa, ɗai-ɗai yake bi, kuma yawanci kazar da ta fi ƙiba da zakaran da aka fi ji da shi yake kamawa. Marurun tafin ƙafa ke nan.

Mama, ga yadda za ki gane shi. Kaza za ta rage yawo. Sauran sun bazama bola da bakin gona, ita tana raɓe a gindin bango. In ta tsaya ta ɗage ƙafa ɗaya, in ta taka ta yi ɗingishi. Da magariba 'yan'uwanta su haye bisa, ita ta kwana a ƙasa. A nan ne yawancinmu kan ce ai wani yaro ne ya jefe ta, ko akuya ce ta taka ta, za ta warware. To kama ta, ki wanke laka da kashin da suka manne a ƙafar, ki duba tsakiyar tafin, wurin tsokar nan mai laushi da take takawa da ita. In ciwon sabo ne za ki ga fatar ta yi ja tana sheƙi, ko kuma ɗan tabo ƙarami. In ya kwana biyu za ki ga baƙin ɓawo zagayayye, ƙarƙashinsa kumburi mai tauri da ɗumi, wani lokaci har ya ɓullo ta sama tsakanin yatsu.

Kada a raina shi don ƙafa ɗaya ce. Kazar gidan gona har gabanta ake kai mata abinci. Tamu ta gida kuwa da ƙafa take ci. Da ita take tono gara da tsutsa, da ita take bin tsabar da ta zube a masussuka, da ita take tsere wa shirwa da muzuru. Ranar da tafin ya kumbura, cinta ya ragu, sai rama, sai ta ɗauke ƙwai. Zakara kuma ya kasa hawan kaji yadda ya kamata, a tara wa kaza ƙwai ta kwanta kwana 21, a ƙarshe a kwashe baragurbi ana zargin iska ko bakin mutane.

Ƙwayar cutar da ta fi haddasa wannan ciwo sunanta Stafilokokus, kuma ba baƙuwa ba ce. Tana nan a fatar kaza, tana cikin ƙurar akurki, tana ma cikin hancinmu, don kusan mutum 1 cikin 3 yana yawo da ita ba tare da ta yi masa komai ba. Ita ce dai ke kawo mana maruru mu ma. Wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Alexander Ogston shi ya gano ta cikin mugunyar majinyatansa a shekarar 1880. Muddin fata na lafiya a rufe, ba ta da hanyar shiga. Sai an buɗe mata ƙofa, ko da ta tsinin ƙaya ce. Saboda haka tambayar da ta kamaci mai kiwo ita ce, me ke buɗe wannan ƙofa a gidana?

Ƙasar Kajuru ƙasar duwatsu ce. Duk wanda ya ga dutsen da wani Bajamushe ya gina katafaren gidansa a kai cikin shekarun 1980 ya san irin dutsen da muke da shi, tsakuwarsa kaifi gare ta. Amma ni ban ɗora wa dutse laifin ba, don kajin gargajiya sun saba da shi tun kaka da kakanni. Abin da hannunmu ke zubarwa ya fi yawa: fasasshiyar kwalba, guntun kwanon rufi da ya yi tsatsa, ƙusar da ta rage daga gini, gwangwanin tumatir da aka farke da wuƙa, tsohuwar reza. Duk bola muke kai su, bola kuwa nan ne wurin kiwon kaza. Bayan girbi ga kututturen karan masara da na dawa da aka sare a karkace, in an sa wa gona wuta ma tsininsu ya ƙara fitowa. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba, wato zaren buhu da gashin kanti da ake watsarwa bayan kitso. Sukan nannaɗe yatsun kaza, tana tafiya suna ƙara shiga nama, har su yanka. Haka igiyar da ake ɗaure sabuwar kaza da ita don ta saba da gida, a manta da ita kwana da kwanaki.

Sai laima. Damina a kudancin Kaduna doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, cikin Agusta da Satumba kuwa ƙasa ba ta samun sararin bushewa. Akurkin da ke yoyo, ko wanda kasko ke kifewa a ciki kullum, kashin kaji ya cakuɗe da ruwa, nan ne warin nan mai yaji ke tashi, wanda in kika leƙa da safe sai ido ya kawo ƙwalla. Abin da ke sa miki ƙwalla shi ke ƙona fatar tafin kazar da ta kwana tsaye a kai. Fatar ta jiƙa, ta yi laushi, ta ƙone, sannan hunturu ya zo ya busar da ita ta tsattsage. A ƙasar Suwidin tun 1994, da Denmak tun 2002, in an kai kaji mayanka akan ɗibi ƙafa 100 daga kowane garke a duba tafinsu a ba su maki. Manomin da ƙafafun kajinsa suka nuna ƙuna da miki, ba a tambayarsa wane magani ya ba su. An san shimfiɗar ɗakin kajinsa ce ke da laima, har ana iya tilasta masa ya rage yawan kajin da yake zubawa a ɗaki. Su can tafin kaza suke karantawa su san halin mai ita.

Abu na uku shi ne nauyi, kuma shi ne sabon abu a gidajenmu. Kazar gargajiya da wuya ta wuce kilo 1 da rabi. In ta diro daga reshen mangwaro da asuba, fukafukanta sun ɗauke rabin nauyin. Yanzu gidaje da yawa sun koma ga Noiler da buroila da tsofaffin kajin ƙwai da ake sarowa daga gidajen gona. Buroila kan kai kilo 2 cikin mako 6, mu kuwa sai mu saye ta tun Satumba mu riƙe ta har Kirsimeti, ta ninka wannan nauyi a kan ƙafafun da ba a halitta su don haka ba. Irin wannan kaza in ta bi 'yan gida ta haye katanga, kowace safiya da dukan nauyinta take faɗowa kan siminti ko tsakuwa. Yau ƙurjewa, gobe ƙurjewa, har ƙofa ta buɗe. Talotalo da agwagwa ma ba su tsira ba, saboda wannan dalili. Kejin da aka yi wa daɓe da wayar raga mai kaifi shi ma haka.

Yanzu mu zo ga abin da muka saba yi. An ga kaza na ɗingishi, sai a ce wa yaro, “Ruga kemis ka sayo ja da yalo.” A fasa kafso a kasko, mai ciwo ta sha, masu lafiya su sha, ƙadangare ma ya samu rabonsa. Bayan mako guda kumburi na nan, sai a ce maganin yanzu duk jabu ne. Sau da yawa ba laifin maganin ba ne. Mugunyar tsuntsu ba irin ta mutum ba ce. Ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta a jikinmu suna ɗauke da sinadarin da ke narkar da mataccen nama ya zama ruwa, shi ya sa marurun mutum kan nuna ya fashe da kansa. Na tsuntsu ba su da isasshen wannan sinadari. Sai mugunyar ta daskare ta zama curi mai tauri, fari-fari ko rawaya, kamar awarar da ta kwana ta bushe, jiki kuma ya kewaye shi da nama mai kauri. Jini ba ya ratsa wannan curi, maganin da kaza ta sha kuwa jini ne ke kai shi inda za shi. Ko kafso nawa aka fasa, curin na nan zaune, kaza na taka shi.

Da a ce asarar kuɗin kafso ce kawai, da da sauƙi. Wani masani mai suna Alexander Fleming a kan farantin da yake rainon wannan ƙwaya ta Stafilokokus ya gano maganin fenisilin a 1928, kuma da aka ba shi lambar Nobel a 1945 ya yi gargaɗi cewa ba wa ƙwayar cuta maganin da bai kai ya kashe ta ba koya mata jure shi ne. Zuwa 1961 an riga an samu nau'inta a Ingila da ya bijire wa sabon maganin da aka fito da shi dominta. Kafso ɗaya cikin kaskon ruwan kaji 15 shi ne ainihin abin da mutumin ya yi gargaɗi a kai. Ƙwayar da ta saba da magani a akurki kuwa ba a akurkin take tsayawa ba, hannun da ke ɗibar ƙwai shi ke tuƙa tuwo. Akwai ma wanda bai halatta a ba dabbar da za a ci ba sam, irin su kuloramfenikol, don ɗan abin da ya rage a nama ko ƙwai na iya lalata ɓargon da ke yi wa mutum jini. Duk maganin da likita ya rubuta, a duba jikin takardarsa, akwai adadin kwanakin da za a jira kafin a ci ƙwai ko nama. Baƙin mai da kananzir da baƙin garin cikin batir da ake shafawa, waɗannan ƙona naman da ke ƙoƙarin warkewa kawai suke yi.

To mene ne maganin? Ruwan ɗumi ne da gishiri da haƙuri. Na san wasu za su ce abin ya yi arha da yawa, amma a saurara.

Mama, ki samu roba mai tsabta ki zuba ruwan da aka tafasa ya huce, ya zama da ɗumin da gwiwar hannunki za ta iya zama a ciki ba tare da kin janye ba. In kemis ɗinku na da gishirin Epsom, shi ya fi. In babu, na miya ya wadatar: ƙaramin cokalin shayi 2, a shafe, cikin lita 1, wato daidai ledar fiya wata 2. Ki sa safar hannu, ko ki ɗaura leda mai tsabta, don na faɗa ƙwayar nan tana kama mutum. Mai ciwon sukari ko mai rauni a hannu ya bar wa wani aikin, yara kuma su tsaya daga nesa. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya yi. A naɗe kazar da tsohon zani a haɗa da fukafukai, a ɗan lulluɓe kanta, duhu na sa ta natsu. Amma kada a matse ƙirjinta, don tsuntsu da motsin ƙashin ƙirjinsa yake numfashi, mai riƙo in ya cika ƙarfi sai ya kashe ta ana tsakiyar jinya.

A tsoma ƙafar minti 10 zuwa 15. In ciwon sabo ne, ja ne kawai ko ɗan tabo ba kumburi, to an yi sa'a. A tsane, a shafa aidin, a ɗaure, a maimaita kullum. Cikin 'yan kwanaki za a ga fata ta koma daidai, ba a zubar da ɗigon jini ba. Wannan shi ne ribar gani da wuri.

In kuwa baƙin ɓawon ya riga ya kafu, kada a yi gaggawa. A jiƙa yau, a shafa man miki, a ɗaure, gobe a sake, jibi a sake. Kowace jiƙawa ɓawon na ƙara sakin gefensa. Ranar da kika ga bakinsa ya ɗago, sai ki sa hantsakin da aka tafasa a ruwa minti 10 ki ɗaga shi a hankali. Sau da yawa curin kan biyo ɓawon, manne a ƙarƙashinsa. In bai biyo ba, ki danna kumburin daga gefe da gefe da yatsu, a hankali, yadda zai turo ta ramin. Abin da ya fito ya fito. Wanda ya ƙi, a bar shi sai jiƙawar gobe, kada a shiga tono. Ɗan jini ba abin tsoro ba ne, a danne da auduga zai tsaya. Daga nan a ɗauraye ramin da sabon ruwan gishiri, a bi da aidin da aka sirka da ruwa, a cika shi da man miki mai kashe ƙwayoyin cuta. In babu, zuma ta gaskiya wadda ba a haɗa da sukari ba tana aiki, har a asibitocin mutane ana amfani da ita a kan miki. Curin da audugar da aka yi aiki da su a ƙona ko a binne da zurfi, kada a jefa a bola inda sauran kaji za su je tono. A wanke hannu da sabulu, a zubar da ruwan a masai.

Ɗaurin shi ne rabin aikin, kuma nan ne aka fi kuskure. A nannaɗe ƙyalle mai tsabta a yi ɗan ƙaramin gammo mai rami a tsakiya, a ɗora shi yadda mikin zai faɗa cikin ramin, don in ta taka nauyin ya sauka a kan gammon. A bi da siririn bandeji ta tsakanin yatsu, a zagayo ƙwauri, a kama da filasta. Yatsun su kasance a waje tana iya motsa su. Bayan awa guda a taɓa su. In sun yi sanyi ko sun kumbura, ɗaurin ya yi tsauri, a kwance a sake. Kada a yi amfani da robar tayar keke ko kyauro, sukan tsare jini yatsa ya mutu. A keɓe ta cikin kwando ko kwali mai busasshiyar shimfiɗa, ruwa da abinci a kusa, nesa da 'yan'uwanta, don kaji in sun ga jini ko farin ƙyalle ba sa barinsa. Kwanakin farko a canza ɗauri kullum, daga baya a riƙa tsallake kwana ɗaya, in ya jiƙe kuwa a canza nan take. Mako 2 zuwa 4 yakan ɗauka, wani ya fi haka. In aka sake ta cikin laka tun ramin bai cike ba, an koma gidan jiya.

Ina da magana da masu saurin ɗaukar reza, yawanci mu maza ne. Maigida ya dawo daga gona, ya ga ana ta jiƙa ƙafar kaza, ya ce, “Ku ba ni nan in tsaga, a huta.” Baba, a dakata. Ƙarƙashin tsokar nan jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu suke bi, kusa da su kuma gaɓa ce da ƙashi. Reza in ta zarce ta kai ƙwayar cutar inda da ba ta kai ba, ko ta tsinke jijiya kaza ta gurgunce har abada. Shirun da take yi ana yanka ta kuma ba rashin jin zafi ba ne. Dabbar da ake farauta ɓoye ciwonta take yi, don wadda ta nuna rauni ita shaho ke fara ɗauka. Ɗaga ɓawon da ya jiƙa aikin gida ne. Tsaga lafiyayyar fata a shiga nama aikin likita ne, shi ke da abin kashe zafi da ya dace da tsuntsu. Kada kuma tausayi ya sa a ba ta maganin ciwon jikin da muke sha. Diklofenak da ake sayarwa a kowane kemis yana kashe ƙodar tsuntsu. A Indiya ungulaye sun ci mushen shanun da aka yi wa allurarsa, fiye da kashi 90 cikin 100 nasu suka ƙare, har sai da Indiya da Pakistan da Nepal suka haramta ba dabbobi shi a 2006.

Akwai inda jinyar gida ke tsayawa. In kumburin ya haura zuwa gaɓar ƙwauri, ko ƙafar duka ta yi zafi, ko mikin na wari, ko kaza ta daina ci ta zauna ta saki fukafukai, ko an yi mako guda ana jinya abin gaba yake yi, to cutar ta shiga jijiya ko ƙashi ko jini. Nan ne maganin sha ko allura ke da amfani, amma wanda malamin dabbobi ya zaɓa ya kuma auna da nauyin kazar. Muna da asibitin koyarwa na likitocin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, ga kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda ke nan tun 1924. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya, ba mai ɗaukar kaza ɗaya daga Kallah ko Rimau ya tafi Zariya, kuɗin mota ya fi kuɗin kazar. Abin da zai yiwu shi ne a haɗa kai. Matan zumunta a coci, 'yan adashi, matan Islamiyya, ku sa rana ɗaya ku kira ma'aikacin lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma ya zo ya ɗiga wa kajin unguwa rigakafin Niyukasil, irin na Vom ɗin nan mai jure zafi da ake ɗigawa a ido. Tunda dai kowace kaza sai an kama ta a ranar, a juya ƙafarta ya gani kafin a sake ta.

In kuwa ciwon ya ci ƙashi, ko buroila ce da dama kwananta ya kusa, ba dole sai an yi jinya ba. Sabo da kaza ba ya hana yanka. Wadda ciwonta ya tsaya a tafi kaɗai, tana ci tana sha, ba a ba ta wani magani ba, ana iya yanka ta a cire ƙafar a binne, a dafa sauran ya dahu sosai. Wadda ta rame, gaɓoɓinta suka kumbura, ko aka buɗe aka ga hanta da ɗigo-ɗigo, wannan ba ta tukunya ba ce.

Ba kowane ɗingishi ne maruru ba, wannan ma a riƙe. Ƙafar da ɓawonta ya tattashi ya yi kaushi fari-fari, wasu ƙananan ƙwari ne suka shige ƙarƙashin fata, man kaɗanya ko basilin da ake shafawa a kai a kai na toshe musu numfashi. Kazar da ƙafa ta shanye, wuya ya murɗe, tana koren zawo, wannan Niyukasil ce. In kuma kaji na faɗuwa da yawa lokaci guda, kai ya kumbura, tukku ya yi shuɗi, ƙwauri ya yi ja kamar jini ya kwanta ƙarƙashin fata, kada a taɓa da hannu, kada a yanka, kada a kai kasuwa. A sanar da ofishin lafiyar dabbobi, don alamun murar tsuntsaye ke nan.

Kazar da aka warkar aka mayar da ita akurkin da ya jawo mata ciwon za ta sake yi, in ba ita ba to 'yar'uwarta. A toshe yoyon rufi. A ɗora kasko kan bulo ko a rataye shi don kada a kifar. A zuba shimfiɗa mai kauri kamar tsawon yatsa, ta buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa ko dusar katako, sai dai ta wurin kafinta a tsince ƙusoshin cikinta tukuna. Gwajinta mai sauƙi ne, ki damƙa a hannu, in ta dunƙule ta jiƙe, a kwashe a kai gona, taki ne mai kyau. Sandar da suke kwana a kai a goge ta ta yi sumul, faɗinta kamar yatsu 3, kuma ga manyan kaji kada tsayinta ya wuce gwiwar mutum. Waɗanda suka saba kwana a bishiya ba za su sauko da kansu ba, sai an riƙa kora su akurki da yamma ana rufewa na wasu kwanaki kafin su saba.

Abinci ma da nasa. Fata na buƙatar bitamin A don ta yi ƙwari, farar masara da dawa kuwa kusan ba su da shi, su ne kuma abin da muka fi watsa wa kaji. Kazar da ke yawo tana samu a ciyawa lokacin damina. Wadda aka kulle, ko wadda rani ya tarar, a taimaka mata da ganyen zogale ko na dankali, da jar masara, ko ɗan manja a cakuɗa a dusa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar da irin masara mai ruwan lemo da ke ɗauke da wannan bitamin, wadda za ta amfani yara da kaji gaba ɗaya.

Sai masu zuwa Kasuwan Magani ko kasuwar Kafanchan sayen kaza, na kiwo ne ko na biki. Mun iya ɗaga kaza mu ji nauyi, mu shafa ƙirji, mu leƙa ƙarƙashin fiffike, amma ƙafa tunda a ɗaure take ba mai duba ta, kuma ɗaurin nan shi ke ɓoye ɗingishi. A ce wa dillali ya kwance, a goge tafin a gani, a ajiye ta ƙasa ta yi taku biyu. In zakaran iri ne za a saya, kumburi komai ƙanƙantarsa ya isa a fasa ciniki, don ba zai yi aikin da aka saye shi dominsa ba. Mai sayarwa kuma da ya san kazarsa na da shi, ko ya san jiya-jiya ya ɗura mata magani, ya faɗa wa mai saye, a rage kuɗi a kan sani.